Wane littafin dodanni ya cancanci jika talatin?



Tun da labarin ƙungiyar wasan da nake yi da ɗalibai ranar Asabar ya fara yawo, tambaya ɗaya take ta dawo mini daga abokan aiki da wasu iyaye: idan mutum kuɗin littafi ɗaya ko biyu kawai yake da shi, wane littafin dodanni zai saya? Na ga gara in amsa a wuri guda, kowa ya samu.

Bari in fara da bayanin wasan, saboda wanda bai taɓa ganinsa ba. Sunansa Dungeons & Dragons, Faransawa suna ce masa Donjons et Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Yara huɗu ko biyar ne za su zauna a gefen tebur ko kan tabarma, kowa da takarda da fensir, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama bakinsa. Mutum ɗaya, wato mai jan labari, shi ke faɗin inda suke da abin da suka tarar, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, a haɗa lissafi, a ga yadda ta kaya. Babu kuɗi a ciki, babu wanda ya ci wani. Tatsuniya ce dai, amma wadda masu sauraro ke da bakin magana a cikinta.

Tatsuniya kuwa ba ta daɗi sai da dodo. Shi ya sa masu wasan suka ware littattafai na musamman, kowane shafi da dodonsa: hoto, ɗan bayani, da jadawalin ƙarfinsa. Na farkonsu, Monster Manual, Gygax ne ya rubuta shi, ya fito a 1977 da halittu fiye da 350. Fiend Folio ya biyo baya a 1981, Monster Manual II a 1983, daga nan kuma abin ya zama kasuwa. Yau mai son saye zai tarar da littattafai da dama, kowanne yana alfahari da yawan dodanninsa.

A Amurka irin wannan littafi yana kusan dalar Amurka 50. In aka mayar kuɗinmu na sefa, ya doshi jika 30, ba a sa kuɗin kawowa ba. Sau da yawa sai an jira wani mai dawowa daga Faransa ya saka shi a jakarsa, ko a roƙi ɗan uwa a Yamai ya yi oda. Jika 30 a gidan malamin makaranta kowa ya san abin da take sayowa. Saboda haka ni ban ɗauki wannan tambaya da wasa ba, ko da yake kan wasa ake yinta.

Shawarata ta farko ita ce kada a sayi komi tukuna. Kamfanin da ke da wasan a yanzu, Wizards of the Coast, ya saki wani babban kundi na dokokin bugu na biyar kyauta, ana ce masa SRD. A farkon 2023 ya sa shi ƙarƙashin izinin Creative Commons, wato kowa na iya saukewa, ya buga, ya raba. An kuma fassara shi zuwa Faransanci. A cikinsa akwai halittu fiye da 300 da jadawalinsu cikakke. Hoto ne babu, kuma an cire wasu shahararrun dodanni da kamfanin ya riƙe wa kansa, irin su beholder, ƙaton kan nan mai idanu da yawa. Ga malamin da ke son gwada wasan da ajinsa, wannan kundi ya isa shekara guda cur. A sauke shi a waya, a buga shafuka goma ko ashirin da ake buƙata a wurin masu fotokopi, shi ke nan. Ba a cinikin biri a sama. A bari yara su yi wata biyu ko uku suna zuwa da ƙafarsu, sannan a yi maganar kashe kuɗi.

In an kai ga saye, to littafi na farko ba shi da gardama: Monster Manual ne, wanda fassararsa ta Faransanci take ɗauke da sunan Manuel des Monstres. Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya shi ne bugu. Wasan ya sha sauye-sauye, kuma jadawalin wani bugu ba ya hawa kan dokokin wani sai da gyara. Wanda ya samu tsohon littafi na bugu na uku ko na huɗu da araha, ya sayi hotuna ne da labari, lissafin ba zai yi masa aiki kai tsaye ba. Haka littattafan Pathfinder na kamfanin Paizo: suna da kyau ƙwarai, amma wasan daban ne, kuma jadawalin dodanninsu yana nan kyauta a shafin Archives of Nethys. A bugu na biyar kansa akwai Monster Manual biyu: na 2014, da sabo na 2025 mai halittu fiye da 500. Dukansu suna tafiya da bugu na biyar, amma abin da ya fi sauƙi shi ne a dubi littafin dokokin da ke hannu, a sayi wanda suka fito tare.

Na biyu shi ne harshe. Ɗalibanmu da Faransanci suke karatu. Babbar ribar da nake gani a wannan wasa ita ce yaron da ba ya buɗe littafi sai an tsare shi, ka same shi ya duƙufa kan shafi yana son sanin ko wuta tana kashe wani dodo. In littafin da Ingilishi yake, wannan riba ta tafi, ya zama na malam shi kaɗai. Gara a ƙara jira a samu na Faransanci.

Akwai kuma ribar lissafi, kuma ita ma a jadawalin take. Ɗauki goblin, ɗan guntun dodon nan mai kwanton ɓauna, a littafin 2014. Kariyarsa 15 ce, makin ransa 7. Jarumin da ke da ƙarin 5 a kan saransa yana buƙatar ɗan ludo ya ba shi 10 ko sama. Fuska nawa ke nan cikin 20? Goma sha ɗaya. Kashi nawa cikin ɗari? 55. Yaron da ke hamma in an rubuta wannan a allo, a wurin wasa shi zai riga kowa faɗa, don ransa ne a kan layi, ko in ce ran jaruminsa. Littafin da jadawalinsa yake a fili, lambobi manya, shi ya fi dacewa da yara.

To, sai littafi na biyu, kuma a nan ne kuɗi suke salwanta. Abin da aka fara koya mana a makarantar horar da malamai shi ne a san ajin kafin a zaɓi littafin. Kowane dodo yana da lamba da ke nuna haɗarinsa, daga 0, da 1/8, da 1/4, da 1/2, har zuwa 30. A taƙaice, dodo mai lamba 3 ya dace da jarumai huɗu da suke mataki na 3. Jarumai suna hawa daga mataki na 1 zuwa na 20. Amma ƙungiyar makaranta da ke haɗuwa sau ɗaya a mako, ga hutu, ga jarrabawa, ga azumi, ga lokacin da wasu yara ke tafiya gona, da wuya ta wuce mataki na 4 ko na 5 a shekara. A tawa ƙungiyar, ire-iren dodannin da muka yi amfani da su bara ba su kai ashirin ba, kuma duk ƙanana ne. Tarrasque, wanda ya ɗauko sunansa daga wata almarar garin Tarascon a kudancin Faransa, lambarsa 30 ce. Yara za su kalli hotonsa su yi ta mamaki, amma ba za su taɓa karawa da shi ba.

Saboda haka kafin a sayi kowane littafi, a nemi jerin dodanninsa bisa lambar haɗari, a ƙirga waɗanda suke daga 5 zuwa ƙasa. Wannan adadi shi ne abin da ake saye a gaskiya. Da wannan ma'auni, Mordenkainen's Tome of Foes na 2018 ya faɗi, don ƙarfinsa yana wajen manyan dodanni, kuma babinsa na farko kan yaƙin da ke tsakanin rundunonin shaiɗanu ne. Fizban's Treasury of Dragons na 2021, da Bigby Presents: Glory of the Giants na 2023, kowanne ya tsaya kan iri ɗaya ne, na farko macizan nan masu fiffike da aman wuta, na biyu samudawa. Sun dace da wanda ya daɗe yana wasa, yana son gina dogon labari kan iri guda. Mai farawa ba ya buƙatarsu.

A kuma yi hattara da sayen abu ɗaya sau biyu. Monsters of the Multiverse na 2022, mai halittu fiye da 250, yawancinsa tattara dodannin Volo's Guide to Monsters na 2016 ne da na Tome of Foes, aka gyara musu jadawali. Wanda yake da shi ba ya buƙatar waɗancan biyun don jadawali, wanda kuma yake da su biyun ƙarin da zai samu kaɗan ne. Sai dai akwai abin da aka bari a baya wajen tattarawar. Volo's Guide ya ware babi guda ya yi dogon bayani kan iri tara na dodanni: yadda suke zama, abin da suke ci, abin da suke tsoro, har da taswirar maɓoyarsu. Yawancin wannan bayani bai shiga sabon ba. A wurina kuwa wannan babi ya fi jadawali ɗari amfani.

Dalilina shi ne, ba girin-girin ba, ta yi mai. Dodon da aikinsa kawai ya fito a sare shi ya faɗi, yara suna gajiya da shi a zama na uku. Wanda suke tunawa shi ne mai buƙata, mai wurin zama, mai doka. Mu duba macijin rijiyar Kusugu a Daura. Da ƙarfinsa kaɗai aka ba mu labari, da tuni an manta da shi. Abin da ya riƙe labarin shi ne yana zaune a rijiyar da gari duka ke sha, kuma ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wuri, da doka, da mutanen da abin ya dama. Duk wanda ya ji wannan ya san akwai abin yi, ko da Bayajida bai zo ba.

Da wannan ido nake duba kowane littafi. Nakan buɗe shafi uku ko huɗu a tsakiya, in tambayi kaina: an gaya mini abin da wannan halitta take so? Akwai hanyar wuce ta ba da takobi ba? A Monster Manual akwai irin waɗannan. Mimic yana rikiɗa ya zama akwatin dukiya, yana jiran mai kwaɗayi. Rust monster ba ruwansa da naman mutum, ƙarfe yake ci, don haka jarumin da ya fi kowa sulke shi ya fi kowa shiga uku, sai an yi dabara an jefa masa tsohon ƙarfe an wuce. Irin waɗannan suna sa yara su tsaya su yi shawara, mai surutu ya saurari mai shiru. A ƙarshen littafin 2014 kuma akwai dabbobin da suka sani: zaki, kura, kada, giwa, raƙumi, dila, ungulu. Kura ɗaya mai yunwa a bakin mashaya, in mai jan labari ya iya bakinsa, ta fi dodo mai kai bakwai tayar da hankali.

Akwai wani littafi da ba shi da sabon dodo ko ɗaya, amma ya fi wasu masu ɗari huɗu amfani ga mai jan labari. Keith Ammann ne ya rubuta shi, The Monsters Know What They're Doing, ya fito a 2019. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki jadawalin dodannin da ake da su, ya nuna yadda kowanne zai yi faɗa bisa ƙarfinsa da wayonsa, da lokacin da zai gudu don tsira da ransa. Malamin da ke jin Ingilishi zai ƙaru da shi. Shi kuwa Tome of Beasts na kamfanin Kobold Press, wanda ya fito a 2016 da halittu fiye da 400, wasunsu daga almarar Turai ta gabas da wasu ƙasashe, yana da daɗin karatu, amma masu wasa da yawa suna cewa dodanninsa sun fi lambarsu zafi. In za a yi amfani da shi da ƙananan jarumai, sai a sassauta.

Yanzu ga abin da ya fi shafar iyaye. Waɗannan littattafai ba don yaranmu aka rubuta su ba, kuma duk wanda zai miƙa wa yaro ɗaya daga ciki, ya karanta shi tukuna. A Monster Manual akwai shafukan mala'iku, da na shaiɗanu, da na aljanu masu sunaye irin su djinni da efreeti da marid, waɗanda aka aro daga Larabci. Ga marubutan, duk kayan almara ne, daidai suke da maciji mai fiffike. A wurinmu aljanu da mala'iku gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, akwai ma sura guda mai sunan aljanu. Ba na son yaro ya tashi yana ganin mala'ika a matsayin abin da ake auna wa makin rai. Waɗannan shafuka ba sa shiga wasanmu, kuma na gaya wa yaran dalili a fili. Ko a Amurka an yi irin wannan taƙaddama a shekarun 1980, har kamfanin TSR, mai wasan a lokacin, ya cire sunayen shaiɗanu daga bugu na biyu a 1989, daga baya ya dawo da su da wasu sunaye na ƙirƙira. Littafin da rabinsa irin waɗannan ne, rabin kuɗin ya tafi a banza.

Haka nan shafukan tsofaffin mata masu sihiri da cin yara. A Turai wannan tsohuwar almara ce. A unguwanninmu kuwa har yanzu akan nuna wata tsohuwa da yatsa a ce mayya ce, kuma mun san abin da wannan ƙazafi yake jawo mata da jikokinta. Ba zan sa yara su yi wasan farautar mayya ranar Asabar ba, sannan ran Litinin in tsaya gabansu ina koyar da girmama tsofaffi.

Abu na uku ya fi ɓoyuwa. Tsofaffin littattafan suna ɗaukar al'umma guda, kamar orc, su ce duk ɗan da aka haifa a cikinta mugu ne tun daga jini. Kamfanin da kansa ya fito a 2020 ya ce zai sauya yadda yake nuna orc da drow, kuma a sabon Monster Manual na 2025 orc ba ya cikin jerin dodanni. A ajina akwai Bahaushe, da Bazabarme, da Bafulatani, da Buzu, da Babarbare, a kan benci ɗaya. Darasin cewa akwai ƙabilar da ba a tambayarta komi sai dai a sare ta, ba darasin da zan shigo da shi ba ne ko da sunan wasa. A nan sabon littafin ya fi tsohon. Wanda kuma tsohon ne a hannunsa, gyaran mai sauƙi ne: a ba kowace runduna dalili, fari ne ya koro su, ko an ƙwace musu rijiya, ko shugabansu ne azzalumi. Nan take sai ka ga yara sun fara neman sulhu.

Wasu sukan tambaye ni ko akwai littattafan da suka ɗauko daga Afirka. Akwai. Nyambe: African Adventures ya fito a 2002 don dokokin bugu na uku, Paizo kuma ta fitar da The Mwangi Expanse a 2021 don Pathfinder. Ana iya samun dabaru a cikinsu. Amma kafin a aika jika 30 waje don a sayo labarin Afirka, a tuna da abin da ke cikin gida.

Littafin dodannin da ya fi kowanne aiki a ƙungiyata kaye ne mai shafi ɗari, irin na ƴan makaranta. Kowane yaro yana da aikin ya je wurin kakarsa ko wata gwaggo ya roƙi tatsuniya mai dodo, ya dawo ya cika shafi guda: sunan dodon, inda yake zama, abin da yake so, abin da yake tsoro, da yadda aka yi galaba a kansa. Sannan mu buɗe SRD tare, mu nemi halittar da ƙarfinta ya yi kusa, mu ari jadawalinta. Dodon da ke tare mashigin kogi yana neman alkawari kafin ya bar mutum ya haye, jadawalin wani ƙato mai lamba 2 ya ishe shi. Gizo ba ya buƙatar ƙarfi ko kaɗan, baki ne makaminsa, kuma duk ranar da ya shigo wasa sai yara sun rasa guzurinsu suna dariya. Ana rubuta shafin da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a wurarensu, a rubuta taƙaitawa da Faransanci a ƙasa. Iskoki da abin da ya shafi bori ba ma saka su, bisa dalilin da ya sa muka bar shafukan aljanu. Wata uwa ta ce mini rabon da ɗanta ya zauna kusa da kakarsa bayan sallar isha'i har ta manta, sai da wannan aiki ya zo.

Ga mai son amsa a dunƙule, ga ta. In babu kuɗi, SRD na Faransanci da kaye ɗaya sun isa. In akwai kuɗin littafi ɗaya, Manuel des Monstres wanda ya dace da littafin dokokin da ke hannu, kuma babba ya karanta shi kafin yaro. In akwai na biyu, a jira shekara guda tukuna, a ga inda wasan ya nufa. In jadawali ne ya ƙare, Monsters of the Multiverse. In labari ne ya yi ƙaranci, Volo's Guide in an samu na hannu, ko littafin Ammann ga mai jin Ingilishi. In kuma har akwai kuɗin na uku, ni dai da ƙamus na Faransanci zan saya wa ƙungiyar, da fensira, da fitila mai caji, don yaran da suka kamu da karatu su samu abin gani da dare.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke kashewa a kansu.